Labarin Jam'iyyar Sahayoniya Da Ayyukanta Na Gayya

Ran nan da dare, bayan an tashi daga karatu, gardama ta ɓarke a ɗakinmu a kan Yahudawa da ƙasar Falasɗinu. Wani ya ce shi ko sunansu ba ya so a ambata, balle a ce akwai abin koyo wurinsu. Wani kuwa ya ce ai duk duniya babu waɗanda suka san haɗa kai kamarsu, da mun bi sawunsu da tuni mun wuce inda mu ke. Aka yi ta ja har aka buga ƙararrawar kwanciya. Da gari ya waye muka duba, sai muka ga ashe dukanmu ba wanda ya san labarin daga tushe, kowa ji ya yi. Wannan kuwa abin kunya ne ga wanda gobe zai tsaya gaban aji, yaro ya tambaye shi. Saboda haka muka yi 'yan makonni muna bin littattafan tarihi, muna tambayar malamanmu. Ga abin da muka tattaro, in akwai kuskure a gyara mana.

Tun farko dai sai a rarrabe abu biyu. Yahudanci addini ne, mun kuwa san masu shi tun muna makarantar allo, su ne Bani Isra'ila, suna cikin Ahlul Kitabi. Sahayoniya kuwa jam'iyyar siyasa ce ta zamani, a Turai aka haife ta, nufinta Yahudawa su koma Falasɗinu su kafa ƙasa tasu. An samo sunan daga wani tudu na birnin Ƙudus wanda a ke kira Sihiyona, Larabawa su ce Sahayun. Wani marubuci na birnin Biyana, Natan Birinbom, shi ya ƙaga kalmar cikin 1890. Akwai Bayahuden da ba ya cikinta, har ya ƙi ta, akwai kuma Kirista da ya fi Bayahude son ta.

Yadda Suka Warwatsu

Cikin shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka ci Ƙudus, suka rushe babban ɗakin ibadar Yahudawa. Yahudawa suka sake tawaye, aka sake murƙushe su cikin 135. Daga nan yawancinsu suka zama baƙi a ƙasashen mutane, sai kaɗan da suka saura a garuruwa irin su Ɗabariyya. A Turai sun sha wuya ƙwarai. A wurare da yawa an hana su mallakar gona, an killace su unguwa guda, in annoba ta zo a ce su suka jawo ta. An kore su daga Ingila cikin 1290, daga Andalus kuma cikin 1492. A ƙasashen Musulmi zamansu ya fi sauƙi, suna biyan jiziya, ana tsare musu rai da dukiya, shi ya sa korarrun Andalus da yawa suka nufi Maroko da Istambul. Amma can ma ba kullum a ke kwana a gado ba. Wajen wannan shekara ta 1492 Shehu Magili ya yi fatawa a kan Yahudawan Tuwat cikin Sahara, alƙalin garin ya saɓa masa, duk da haka aka rushe ɗakin ibadarsu na Tamantit, suka watse. Bayan wannan ne Shehun ya biyo ta Azbin ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya zo nan Katsina. A zamanin Turawa kuma, ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗar kakanninmu a Kano Bayahuden Tarabulus ne, sunansa Sol Raka. Kun ga ashe labarin bai yi mana nisa kamar yadda mu ke zato ba.

Duk tsawon waɗannan shekaru Yahudawa suna ambaton Ƙudus cikin addu'arsu. Amma malamansu sun koya musu komawa sai da ikon Allah, ran da Almasihun da su ke jira ya bayyana, ba aikin mutum ba ne ya gaggauta ta.

Abin Da Ya Ta Da Su

Cikin 1881 aka kashe Sarkin Rasha Iskandari na Biyu, aka yaɗa cewa da hannun Yahudawa. Jama'a suka auka wa unguwanninsu a garuruwa da yawa, ana kisa ana wasoso, hukuma tana kallo. Daga wannan shekara zuwa 1914 Yahudawa wajen miliyan 2 suka bar gabashin Turai, galibinsu Amurka suka tafi. Wani likita na Odesa, Liyon Finsika, ya rubuta ɗan littafi cikin 1882, ya ce da 'yan'uwansa su daina jiran wani ya tausaya musu, su nemi ƙasa. 'Yan ƙungiyoyi suka tashi da sunan Masoya Sihiyona, suka aika da mutane Falasɗinu, wadda a lokacin tana hannun Turkawa. Suka kafa ƙauyuka irin su Rishon Lesiyon cikin 1882. Ba su iya noma ba, zazzaɓi yana kashe su, da ba don wani attajirin Faris, Edmon Rotshild, ya yi ta zuba kuɗi ba, da ƙauyukan sun mutu.

Wanda ya mai da abin jam'iyya shi ne Tiyodo Herzil. An haife shi a Budafes cikin 1860, ɗan jarida ne, ba shi da zurfi cikin addini. Yana Faris cikin 1894 aka yi wa wani hafsa Bayahude, Direfus, ƙagen sayar da asirin soja, aka ɗaure shi, ba a wanke shi ba sai 1906. Faransa kuwa ita ce ta farko a Turai da ta ba Yahudawa 'yancin ɗan ƙasa tun 1791. A Biyana ma, inda ya ke zaune, masu ƙin Yahudawa suna ta cin zaɓe. Herzil ya ga in haka ta ke a ƙasashen da su ke taƙama da wayewa, to, babu mafaka a Turai. Cikin 1896 ya buga littafinsa mai suna Ƙasar Yahudawa. Watan Agusta 1897 ya tara wakilai wajen 200 a birnin Basil na Suwizalan, aka kafa jam'iyya, aka yanka kuɗin shiga na shekara wanda a ke kira shekel. Duk wanda ya biya yana da ƙuri'ar zaɓen wakili.

Herzil ya yi ta yawo ƙofar sarakuna. Cikin 1901 ya gana da Sarkin Musulmi Abdulhamidu na Biyu a Istambul, ya yi masa tayin taimakon biyan bashin daularsa, Sarki bai yarda ya ba da Falasɗinu ba. Cikin 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Ministan Ingila mai kula da ƙasashen mallaka, Cambalen, ya yi musu tayin wani yanki a gabashin Afirka, cikin Kenya ta yau. Ba wanda ya tambayi baƙaƙen da ke zaune wurin. Jam'iyya ta rabu biyu a kan maganar, cikin 1905 aka ƙi ta. Herzil bai ga ƙarshenta ba, ya mutu cikin 1904 yana da shekara 44.

Kada a ce duk Yahudawa suka bi shi. Manyan malamansu da yawa sun ce wannan shiga hurumin Allah ne. Ma'aikatan Rasha da Folan suka kafa tasu jam'iyya cikin 1897, mai suna Bund, suka ce inda aka haife su nan za su nemi hakkinsu.

Asusu

Nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, don ƙarfin jam'iyyar nan daga ƙananan ayyuka ya fito. Na farko kuɗi. Cikin 1901 suka kafa Asusun Al'ummar Yahudawa don sayen ƙasa. Suka ƙera 'yar gwangwani shuɗiya mai tsaga a ka, aka rarraba gida gida da aji aji, daga Folan har Amurka. Matar gida ta jefa anini ran jajiberen Asabar, yaro ya jefa nasa a makaranta. Lokaci lokaci a zo a buɗe, a rubuta, a kai lissafi gaban babban taro. Ƙasar da aka saya da kuɗin nan ba a sayar da ita har abada, sai dai a ba manomi haya ta shekara 49. Kamar wakafi ke nan, amma wakafin da aka ce Bayahude kaɗai zai ci. Ku riƙe wannan sharaɗi, za mu komo kansa.

Harshe Da Makaranta

Na biyu harshe, shi ne kuwa ya fi shafarmu. Ibrananci ya yi shekaru fiye da 1,500 ba a goyon yaro da shi. Ana addu'a da shi, ana rubuta littattafai, amma a gida wannan yana Yidish, wancan Larabci, wancan Rashanci. Ɗan'uwan Larabci ne na kusa. Inda Balarabe ya ce salam su ce shalom, baiti su ce bayit, yaumu su ce yom. Wani ɗalibi, Eliyeza Ben Yahuda, ya sauka Ƙudus cikin 1881, ya yi alkawari ba za a yi wani harshe a gidansa ba. Ɗansa da aka haifa cikin 1882 da shi ya buɗe baki. Ya zauna yana ƙaga sunayen abubuwan zamani, waɗansu ma daga Larabci ya aro, yana tara ƙamus har ya mutu cikin 1922 bai gama ba. Mutane suka ɗauke shi taɓaɓɓe, masu tsananin addini suka ce ya wulakanta harshe mai tsarki.

Amma mutum ɗaya ba ya ta da harshe. Malaman makarantun ƙauye su suka yi aikin. Suka ce lissafi da labarin ƙasa da sanin halitta duk da Ibrananci za a koyar, ko da ya ke babu littattafai, su da kansu su ke rubutawa da dare su koyar da safe. Yara suka koma gida da shi, suka koya wa uwayensu. Cikin 1903 malaman suka kafa ƙungiyarsu. Cikin 1913 aka ce makarantar koyon sana'a da a ke ginawa a Haifa da Jamusanci za ta koyar, sai malamai da ɗalibai suka yi yaji, har aka janye maganar. Cikin 1922 Ingila ta sa Ibrananci cikin harsunan hukuma tare da Larabci da Ingilishi, cikin 1925 aka buɗe Jami'ar Ibrananci a Ƙudus. Mu kuwa Hausa ba ta taɓa mutuwa ba, miliyoyi ke shan nono da ita, muna da ƙamus na Bajari tun 1934, muna da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Duk da haka sau nawa mu kan ji ɗan'uwanmu ya ce wai ba a iya koyar da kimiyya da ita?

Gandu

Na uku noma. Samarin da suka zo daga Rasha bayan 1904 ba su da jari, masu gonaki kuwa sun fi son ɗan ƙodago Balarabe, don ya fi su iyawa, ya fi su arha. Cikin 1910 maza goma da mata biyu suka karɓi wata gona ta Asusu a kudancin tafkin Ɗabariyya, suka sa mata suna Deganiya, daga kalmarsu ta hatsi. Suka ce babu ubangida babu bara. Rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ba albashi, kowa ya yi aikin da taro ya ba shi, a ba shi tufa da magani daga dukiyar jama'a. Wannan shi a ke kira kibus. In kuna so ku gane shi, ku tuna gandun gidanmu, sai dai gandu ne marar uba, 'yan cikinsa ba dangi ba ne, shawara kuwa da ɗaga hannu a ke yanke ta. Waɗanda wannan ya yi wa tsanani suka fito da wani iri cikin 1921 a Nahalal, a ke kira moshab. Nan kowane gida da gonarsa, kamar gayauna, amma sayen iri da taki, da kai amfani kasuwa, da neman rance, duk tare a ke yi. Ta haka dillali ba ya samun ƙofar taushe ɗaya ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A birni ma haka suka yi. Cikin 1909 gidaje sittin da 'yan kai suka jefa ƙuri'a suka raba wani jigawa kusa da Yafa, shi ne ya zama Tel Abib. Cikin 1920 aka kafa babbar ƙungiyar ma'aikata, Histadrut, Dauda Ben Guriyon ya zama magatakardanta. Tana da bankinta, da kamfanin gini, da na sayar da madara, da makarantun dare na manya.

Lafiya

Na huɗu lafiya. Cikin 1911 ma'aikatan gona suka fara wani irin adashi na ciwo, kowa ya ba da abu kaɗan kowane wata, wanda ya kwanta a biya masa likita. Cikin 1912 wata mace a Niyok, Hanriyeta Zold, wadda ta ziyarci Ƙudus ta ga ƙuda na bin idon yara, ta tara mata suka kafa ƙungiyar Hadasa. Da nas biyu suka fara cikin 1913, suna wanke idon 'yan makaranta saboda amodari, suna koya wa ungozomomi tsabta. Cikin 1918 suka buɗe makarantar koyon jinya, cikin 1921 suka fara ɗakunan awon jarirai, cikin 1939 suka buɗe babban asibiti a Ƙudus. Gaskiya ce asibitocin nan sun karɓi Larabawa ma. Zazzaɓi kuwa da farko sun zaci dasa itacen turare cikin fadama zai kore shi, bai kore ba. Sai da wani masani, Kiligila, ya nuna musu a bi kududdufi ɗaya ɗaya, a yanke magudana, a kashe ƙwayayen sauro, a yi ta koya wa mutanen ƙauye dalili, sa'an nan ciwon ya ja da baya. Wannan mace Zold kuma ita ta shugabanci aikin ɗebo yara daga Jamus bayan Hitila ya hau cikin 1933, dubbai suka tsira ta hannunta.

Masu Ƙasa

To, duk wannan gini a ina aka yi shi? Ƙasar nan da masu ita. Ƙidayar da Turawan Ingila suka yi cikin 1922 ta sami mutum wajen 757,000, Yahudawa wajen 84,000 ne cikinsu, saura Larabawa ne, Musulmi da Kirista. Har da namu a ciki. Alhazan ƙasashenmu da a ke kira Takari, Hausawa da Barebari da mutanen Wadai, waɗansu sun zarce Ƙudus bayan Hajji suka zauna, jikokinsu suna da unguwa a bakin ɗaya daga cikin ƙofofin Masallacin Aƙsa.

Masu ƙasa sun hangi abin tun da wuri. Cikin 1891 manyan Ƙudus suka buga waya Istambul suna roƙo a hana sayar da ƙasa ga baƙi. Cikin 1899 Yusufu Khalidi, wanda ya taɓa riƙe birnin, ya rubuta wa babban malamin Yahudawan Faransa takarda, ya yarda sun sha wuya, amma ya roƙa a ƙyale Falasɗinu don tana da mutanenta. Cikin su kansu 'yan jam'iyya akwai wanda ya yi gargaɗi. Wani marubuci da a ke kira Ahad Ha'am ya zo ya gani cikin 1891, ya koma ya faɗa musu ƙasar ba kufai ba ce, kuma waɗansu baƙin suna wulakanta Larabawa, ƙarshen wannan ba zai yi kyau ba.

Ga yadda gona ta riƙa fita hannun manomi. Cikin 1858 Turkawa suka yi doka a rubuta kowace gona da sunan mai ita. Talakawa suka ji tsoron haraji da ɗaukar soja, attajiran birni suka rubuta ƙauyuka sukutum da sunansu, talaka yana noma gonar kakansa bai san ya zama ɗan haya ba. Tsakanin 1921 da 1925 wani gidan attajirai na Berut, Sursuk, ya sayar da yawancin kwarin Marj Ibn Amir, aka tashi ƙauyuka wajen ashirin. A takarda ciniki ya halatta. Amma da can in gona ta sake ubangiji manomi yana nan, yanzu kuwa sharaɗin nan na Asusu ya ce ba ya haya, ba ya ko ƙodago a kanta. Wani Bature da Ingila ta aiko bincike cikin 1930, Hof Simsin, ya rubuta cewa wannan sharaɗi zai jawo fitina. Abin mamaki, Ingilar nan ce ta yi doka a Nijeriya ta Arewa cikin 1910 wadda ta hana baƙo mallakar ƙasa sai da yardar Gwamna. Lugga ma da ya bar aiki ya zauna cikin kwamitin da ke duba rahoton Falasɗinu har 1936.

Daga 1917 Zuwa 1948

Cikin Yaƙin Duniya na Farko Ingila ta yi alkawari uku a kan yanki guda. Ta yi wa Sharif Husaini na Makka alkawarin mulkin Larabawa, ta yi asiri da Faransa su raba, sa'an nan ran 2 ga Nuwamba 1917 Ministan Waje, Balfo, ya rubuta cewa gwamnati za ta taimaka a kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, muddin ba a taɓa hakkin sauran mazauna ba. Wanda ya fi kowa ƙoƙarin samo takardar nan Hayim Waizman ne, masanin haɗa magunguna na Manchesta. Wanda ya fi kowa ƙin ta cikin ministoci kuwa Montagu ne, shi kaɗai ne Bayahude cikinsu.

Baƙi suka yi ta zuwa, jini ya fara zuba. Cikin 1929 aka kashe Yahudawa 133 da Larabawa 116. Daga 1936 zuwa 1939 Larabawa suka yi babban tawaye, Ingila ta murƙushe shi da kisa da rataya da rushe gidaje. Cikin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Ebiyan ta Faransa a kan Yahudawan da Hitila ke kora, kusan duka suka ƙi buɗe ƙofa. Cikin 1939 Ingila ta ce mutum 75,000 kaɗai za su ƙara shiga Falasɗinu cikin shekara biyar. Yaƙi ya zo, Hitila da mutanensa suka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, maza da mata da jarirai. Wannan ta'asa ba mai imanin da zai musa ta ko ya raina ta. Turai ta aikata ta, amma a Falasɗinu aka nemi diyya.

Ran 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke a raba ƙasar, 33 suka yarda, 13 suka ƙi, 10 suka yi shiru. Yahudawa a lokacin sulusin jama'a ne, abin da suka saya bai kai kashi 7 cikin 100 na ƙasar ba, aka ba su fiye da rabi. Larabawa suka ƙi, yaƙi ya tashi. Masu gadin gona da suka fara cikin 1909 sun riga sun zama runduna tun 1920, mai suna Hagana, ƙauyukan kibus kuwa suka zama sansani. Cikin Afrilu 1948 waɗansu ƙungiyoyinsu masu tsanani suka kashe mutum fiye da 100 a ƙauyen Dair Yasin. Ran 14 ga Mayu Ben Guriyon ya yi shelar ƙasar Isra'ila, rundunonin Masar da Jodan da Siriya da Iraƙi suka shigo, ba su yi nasara ba. Falasɗinawa fiye da 700,000 suka bar gidajensu, waɗansu da bakin bindiga kamar mutanen Lidda da Ramla, waɗansu don tsoro. Aka hana su komowa, ƙauyuka fiye da 400 suka zama kufai. Su ke kiran wannan Nakba, watau masifa. A shekarun da suka biyo kuma Yahudawa wajen 800,000 suka bar ƙasashen Larabawa, waɗansu da son ransu, waɗansu don an matsa musu.

Bayan Haka

Cikin 1967 Isra'ila ta kame sauran ƙasar har da gabashin Ƙudus, ta shiga gina unguwanni a kanta, abin da Kotun Duniya ta ce ya saɓa doka cikin 2004, ta maimaita cikin 2024. An yi sulhun Oslo cikin 1993, wani Bayahude ya harbe Firayim Minista Rabin cikin 1995 saboda shi. Ran 7 ga Oktoba 2023 Hamas ta kai hari aka kashe mutum wajen 1,200, Isra'ila ta auka wa Gaza, kafin ƙarshen Yuli 2025 ma'aikatar lafiya ta can ta ƙidaya matattu fiye da 60,000, mata da yara da yawa cikinsu. Gandun nan ma ya sake. Bashi ya danne kibus bayan 1980, yawancinsu suka koma biyan albashi, Deganiya kanta ta bi sahu cikin 2007.

A nan Nijeriya, cikin 1960 Gwamnatin Tarayya ta karɓi rancen Isra'ila, Sardauna ya ce Arewa ba ta so. Jihar Yamma kuwa ta kwaikwayi moshab tun 1959, ta kafa ƙauyukan noma, Jihar Gabas ta bi. An kashe kuɗi mai yawa, samari da dama suka gudu, don gwamnati ce ta tara su, ba su suka tara kansu ba. Gowon ya yanke hulɗa da Isra'ila cikin 1973, Babangida ya mayar cikin 1992.

Mu Fa?

Mu da muka fito daga Wagini, gefen dajin Rugu, ba mu karanta labarin nan da sanyin zuciya ba. A shekarun da suka biyo 2019 mun ga ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana sun tashi saboda 'yan bindiga, mun ga tsohuwa da ƙunshinta a ka ta nufi Katsina, ta bar rumbu cike. Don haka mun san zafin Bayahuden Odesa, mun san na manomin Lidda.

Abin da muka ga ya kamata mu ɗauka ba baƙo ba ne gare mu. Muna da gayya, muna da adashi, muna da gandu, addini kuma ya ba mu zakka da wakafi. Inda suka fi mu shi ne sun rubuta lissafi suna karanta shi gaban jama'a, sun sa mata da yara cikin aikin, sun kuma jure shekara hamsin suna jefa anini. Gayyarmu ta kan watse da an cinye tuwon. Malamin makaranta kuwa shi ne ya fi kowa dacewa da riƙe littafin asusun rijiya ko na magani a ƙauye, shi zai nuna wa mutane kududdufin da sauro ke ƙyanƙyasa, shi zai koyar da lissafi da Hausa mai kyau.

Abin da za mu guje shi ne sharaɗin nan da ya ce namu kaɗai. A ƙasarmu ma an nome burtali da makiyaya, Bafillace yana gani ba a tambaye shi ba. Da sata ta yi yawa aka tsai da 'yan sa-kai, waɗansunsu suka kashe mai laifi da marar laifi, ramuwa ta biyo ramuwa, ta ci Bahaushe ta ci Bafillace. Wannan ba ya wanke ɗan bindiga ko kaɗan, jinin da ya zubar yana wuyansa. Amma duk asusu ko ƙungiya da za mu kafa a garuruwanmu, mu tambaya tun ran farko, wa ke zaune inda za mu gina, an kuwa kira shi taron? Ahad Ha'am ya yi wa mutanensa wannan gargaɗi, ba su ji ba, ga shi an wuce shekara 130 jikokin kowane gefe suna binne 'ya'yansu.

Abokan gardamarmu biyu mun karanta musu takardar nan kafin mu miƙa ta. Na farko ya ce mun sassauta wa Yahudawa, na biyu ya ce mun tsananta. Mun bar wa malamanmu da sauran 'yan'uwa su duba, wanda ke da gyara ya aiko wa edita. Allah ya mai da kowane korarre gidansa, ya ba ƙasarmu lafiya, amin.

Daga wani ɗalibi, mutumin Wagini.